Ka fara da naka gungumen: yadda Kirista zai ɗauki laifinsa in ana neman sulhu

Duk mun san yadda sulhu yake tafiya a yawancin coci-cocinmu. Mutum biyu sun samu saɓani, maganar ta kai kunnen Baba Fasto, an kira su ofis bayan sujada, dattawa uku ko huɗu suna zaune, wannan ya ɗauki minti arba'in yana lissafa laifin wancan, wancan ma ya karɓa ya rama har da ribar abin da ya faru tun bikin ƙanwarsa, daga ƙarshe wani dattijo ya gyara murya ya ce toh shikenan, Shaiɗan ne ya shiga tsakani, a yi haƙuri a yafe wa juna. A sha hannu, a yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Bayan wata biyu sai ka ga ɗaya ta daina zuwa Zumuntar Mata, ɗayan kuma ya canza benci ko ma ya koma wani coci a ƙarshen unguwa. Dalili kuwa a fili yake, a duk zaman nan babu wanda ya buɗe baki ya ce ni ga abin da na yi. An ɗaure ciwo ne da mugunyarsa a ciki.

Abin da zan bi da ku a nan ba dabarar sa abokin faɗanka ya amsa laifinsa ba ne. Naka ɓangaren kawai za mu duba. A Matta 7:3-5 Yesu ya yi maganar ɗan hakin da ke idon ɗan'uwanka da gungumen da ke naka idon, kuma ku lura, bai ce babu haki a idon wancan ba, akwai shi, har ya ce za ka cire masa. Abin da ya tsara shi ne wanne ke gaba. Naka tukuna, sannan ka ga hanyar taɓa nasa.

Mataki na farko, ka zauna kai kaɗai ka ware naka

Ka samu biro da takarda, ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, ka yi addu'ar Zabura 139:23-24 inda Dawuda ya roƙi Allah ya bincike shi ya san zuciyarsa, sannan ka fara rubutawa. Doka ɗaya ce, sunan wancan ba zai zo a matsayin mai aikatawa ba. Duk layin da ya fara da "ita ce ta" ko "shi ne ya", soke shi.

Ka rubuta abin da ka faɗa da bakinka, kalma da kalma yadda ka faɗe ta, ba yadda kake so a ce ka faɗe ta ba. Ka rubuta abin da ya kamata ka yi ka ƙi yi, alkawarin da ka saɓa, kiran da ka ga yana shigowa ka kife wayar. Sai kuma wurin da yawancinmu muke ɓuya, wato abin da ka yi bayan an yi maka laifin. Nan ne mutum zai ce ai ba ni na fara ba. Eh mun yarda, ba kai ka fara ba. Amma gabar wata uku fa, wa ya yi ta? Habaicin da aka ɗora a sitatus na WhatsApp da ayar Zabura a kan maƙiya, wa ya ɗora? Mutum nawa ka kwashe labarin ka ba su da sunan "ku taya ni da addu'a", alhali kai ma ka san gulma ce ka sa mata rigar addu'a? Yaranka da ka hana su shiga gidan fa? Duk wannan naka ne, kuma laifin da aka yi maka bai wanke shi ba.

In ka gama da na waje sai ka tambayi kanka me nake so ne har na yi haka. Yakubu 4:1-2 ya ce faɗace-faɗacen da ke tsakaninmu daga sha'awace-sha'awacen da ke yaƙi a cikinmu suke fitowa, kana so ba ka samu ba sai rigima. Sau da yawa faɗan da aka ce a kan kuɗin yunifom na kwaya ne, in ka tona sai ka tarar kujerar shugabanci ce mutum ya so aka ba wani, ko kuma an gode wa kowa a gaban jama'a an manta da sunansa. Ka rubuta wannan ma, ko da kunya za ka ji.

Wani zai ce ni fa nawa bai wuce kashi goma cikin ɗari ba. Ba na musu. Goman nan dai ba wanda zai ɗauke maka ita, kuma ita kaɗai ce a hannunka.

Na biyu, ka nuna wa wanda ba ya jin tsoronka

Karin Magana 18:17 ta ce wanda ya fara kawo ƙara shi ne kamar mai gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. A cikin kanka kai ne kullum mai fara kawo ƙara. Saboda haka ka nemi mutum ɗaya, ɗaya tak, dattijo ko uwa a coci mai riƙe sirri wadda za ta iya kallon idonka ta ce ɗana nan kam ka yi kuskure. Ba abokin da duk abin da ka faɗa zai ce gaskiyarka ba. Dawuda da kansa, sarki guda, sai da annabi Natan ya zo masa da labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, ya fusata ya yanke hukunci a kan mutumin, kafin aka ce masa kai ne mutumin (2 Sama'ila 12). Laifin wani ya gani nan take, nasa kuwa sai da aka nuna masa.

Na uku, ka shirya abin da za ka faɗa

Nan zan daɗe, don nan ne aikin yake lalacewa. Littafi Mai Tsarki cike yake da mutanen da suka amsa laifi a baki amma suka ajiye shi a ƙofar wani. Adamu ya ce matar da ka ba ni ita ta ba ni na ci, a jimla ɗaya ya ɗora wa Hawwa'u ya ɗora wa Allah (Farawa 3:12). Haruna nasa ma har dariya yake ba ni, Musa ya tambaye shi zancen ɗan maraƙin zinariya, sai ya ce ai ka san halin mutanen nan, sun ba ni zinariya na jefa a wuta sai ga maraƙi ya fito (Fitowa 32:22-24), kamar ba shi ya ƙera shi da hannunsa ba. Saul kuma a 1 Sama'ila 15 ya fara da cewa ya cika umarnin Ubangiji, da Sama'ila ya tambaye shi to kukan tumakin nan da nake ji fa, sai ya ce mutane ne suka bar su don hadaya, da aka matsa ya ce na yi zunubi amma tsoron jama'a na ji, a ƙarshe ya ce na yi zunubi amma dai ka girmama ni a gaban dattawa. Mutuncinsa yake ceto, ba zumuncin ba. Ka kwatanta da Dawuda da ya ce na yi wa Ubangiji zunubi, ya tsaya nan bai ƙara komai ba.

Mu ma muna da namu salon. "In na yi maka laifi ka yafe ni." In? Kai ba ka sani ba ke nan, to me ya kawo ka. "Ka yi haƙuri amma kai ma ka san." Da ka ce amma, duk abin da ka faɗa a baya ya zube. "Sharrin Shaiɗan ne." Shaiɗan yana jarraba mutum, gaskiya ne, amma bakinka ne ya yi zagin. "Ka san ni da zuciya, haka Allah ya yi ni." "Ka yi haƙuri tunda abin ya ɓata maka rai", wannan ma ya fi muni, don ma'anarsa matsalar ita ce saurin fushinsa.

Bari mu ɗauki misali. A ce ke ce ke riƙe da adashen mata a coci, kwasar wata 'yar'uwa ta zo, ke kuma kin riga kin taɓa naira 40,000 a ciki kin biya kuɗin makarantar yaro da niyyar mayarwa kafin ƙarshen wata, abin bai yiwu ba, da ta matsa miki sai kika ce wasu ne ba su zuba ba, da ta je ta tambaye su ta gano, ta zo ta yi miki tas a gaban mata har ta kira ki ɓarauniya. Tun ranar ba kwa gaisawa. Ta yi laifi da ta tozarta ki a bainar jama'a? Ta yi. Amma ga abin da za ki je da shi:

"Yaya, na zo ne a kan maganar adashe. Na ɗauki dubu arba'in a cikin kuɗinki ban tambaye ki ba, da kika tambaye ni kuma na yi miki ƙarya na ce wasu ne ba su zuba ba, na ɓata sunansu su ma. Na san da kuɗin kika so sayen taki, na sa kin makara. Abin da na yi zunubi ne a gaban Allah, ke ma na cuce ki. Ga dubu ashirin yanzu, sauran in Ubangiji ya yarda ranar 30 ga wata zan kawo. Ina roƙonki ki yafe mini."

Ki duba abin da ke ciki. An kira laifin da sunansa, ɗaukar kuɗi da ƙarya, ba "abin da ya faru tsakaninmu" ba. An faɗi asarar da ita ta yi. An zo da gyara a hannu. Kuɗin makarantar yaro bai shigo ba, kalmar ɓarauniya ma ba ta shigo ba. In ita ta tambaya me ya sa kika yi haka, sai ki faɗa a taƙaice, amma kar ke ki fara kawo shi, don dalilin da aka kawo kafin a tambaya uzuri yake zama a kunnen mai ji.

Kuma ba laifi ba ne mutum ya maimaita kalmomin a ɗaki kafin ya tafi. Ɗan nan da ya ɓace a Luka 15 tun yana wajen aladu ya tsara abin da zai faɗa wa ubansa, na yi wa Sama zunubi na kuma yi maka, ya je ya faɗe shi yadda ya shirya.

Na huɗu, wa za ka samu, a ina, yaushe

Yaushe kam yanzu. Matta 5:23-24 ta ce in kana miƙa baikonka a bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon a nan ka je ku shirya tukuna. A Galili Yesu ya yi wannan koyarwa, bagaden kuwa yana Urushalima, tafiyar kamar kwana uku a ƙafa, ka ga ba ƙaramin abu ya ɗora wa masu jinsa ba. Kuma ayar ba ta ce in kai kana fushi da shi ba, cewa ta yi in shi yana da magana a kanka. Ikkilisiyoyi da dama sun riƙe wannan da gaske. A tsohuwar al'adar Church of the Brethren a Amurka, wadda mishan ɗinta suka fara aiki a Garkida a 1923 har aka samu cocin EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, dikinoni sukan bi gida gida kafin bukin ƙauna da wankin ƙafa suna tambayar kowa ko yana zaman lafiya da 'yan'uwa. Mu ma in an sanar da Jibin Ubangiji ranar Lahadi mai zuwa, ka ɗauki satin nan a matsayin wa'adi.

Sai dai yanzu ba ya nufin ka tare mutum a ƙofar coci jama'a na wucewa. Ka kira ko ka tura saƙo gajere, "Baba, ina so in zo in same ku a gida in kuna da lokaci, akwai laifin da na yi muku da nake so in nemi gafara." Faɗin dalilin yana da amfani, in ba haka ba zai kwana yana wasa wuƙarsa yana zaton sabon faɗa za ka kawo. Neman gafarar kanta kuwa kar ka yi ta a rubuce in har ƙafarka za ta iya kai ka. In nesa ne, a kira a yi magana baki da baki.

Zancen tura babba fa? Al'adarmu ce kuma tana da kyau, musamman tsakanin surukai ko inda wancan ya rantse ba zai saurare ka ba. Amma babba hanya zai buɗe maka, ba shi zai tuba a madadinka ba. Yakubu da zai sadu da Isuwa bayan shekara 20 ya aika manzanni, ya tura garken awaki da tumaki da raƙuma da shanu da jakuna a gaba, amma da lokaci ya yi shi da kansa ya wuce gaban iyalinsa ya sunkuya har ƙasa sau bakwai (Farawa 32 da 33). In tsakanin namiji da matar wani ne, ka tafi da matarka ko a yi a gaban mijinta, kar garin gyara a jawo wata maganar.

Inda laifin ya kai, nan neman gafarar zai kai. Abin da ka riƙe a zuci kawai, hassada ko mugun tunani da mutumin bai ma sani ba, wannan tsakaninka da Allah ne, kar ka je ka ce wa mutum shekara biyu ina ƙinki a raina, ka sauke kayanka ka ɗora mata. Amma in a gurup na matasa ka zage shi mutum tamanin suna karantawa, ba daidai ba ne ka lallaɓa ta bayan fage ka ce sori. Ka same shi shi kaɗai tukuna, sannan ka koma gurup ɗin ka rubuta cewa abin da na faɗa a kan wane ba gaskiya ba ne, na nemi gafararsa, ina neman taku.

Ga wata magana da ba a so a taɓa, babba ya ba ƙarami haƙuri. Maigida ya daka wa matarsa tsawa a gaban baƙi, da dare sai ya shigo da tsire a leda ya ajiye, shikenan wai an shirya. Tsiren ba laifi, a ci lafiya, amma bai ce komai ba. "Maman yara, tsawar da na yi miki ɗazu a gaban mutane ban kyauta ba, na kunyata ki, ki yafe mini", wannan ba ya rage wa namiji komai. Haka uba da ɗansa, haka fasto da memba. Bulus da ya gane babban firist ne ya yi wa magana mai zafi a gaban majalisa, nan take ya janye har ya kawo ayar da ta hana hakan (Ayyukan Manzanni 23:5).

Na biyar, ka faɗa ka yi shiru

Da ka gama, rufe bakinka. Zai iya yin kuka, zai iya ɗaga murya, zai iya ƙaro wasu laifofin da ba ka rubuta ba. Kar ka katse shi. Wanda yake gaskiya a ciki ka ce haka ne, wannan ma na yi. Wanda ba ka gane ba ka ce ban taɓa ganinsa haka ba, ka ba ni lokaci in yi tunani. Wanda ba ka yi ba sam, kar ka amsa don a zauna lafiya, ƙarya ce ita ma, ka ce a hankali wannan kam ban yi ba, ka koma kan wanda ka yi.

Abin da ya fi ciwo shi ne ka gama ƙasƙantar da kanka kana jira ya ce ni ma ka yafe ni, sai ya ce toh Allah ya kyauta, ya miƙe. Nan za ka gane ko tuba ka zo yi ko ciniki. Kar ka ce saura kai. Kar kuma ka matsa masa da ayar gafara sau saba'in sau bakwai, wanda ya yi laifi ba shi ne zai yi wa wanda ya cuta wa'azin yafiya ba. In ya ce yana bukatar lokaci, ka ce na gane, ka yi sallama.

Na shida, ka biya

Littafin Ƙidaya 5:6-7 ya ce wanda ya cuci wani ya furta zunubinsa, ya biya abin gaba ɗaya, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kai. Zakka mai karɓar haraji a Yariko ya wuce haka, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). Ba ina cewa dole ka lissafa kaso kamar banki ba, amma in kuɗi ne a sa rana da adadi, gara ka ce dubu biyar duk wata ka cika da ka ce "zan san yadda zan yi". In iyakar gona ka ci, a kira waɗanda suka san iyakar a mayar da ita inda take kafin damina. In suna ka ɓata, ka bi mutanen da ka gaya wa ɗaya bayan ɗaya ka warware, wannan ya fi biyan kuɗi wuya nesa ba kusa ba, kuma shi aka fi tsallakewa.

Sannan ka yarda da abin da zai biyo baya. An gafarta wa Dawuda amma Natan ya gaya masa takobi ba zai rabu da gidansa ba. In kwamiti ya ce ki sauka daga riƙon adashe, ko an sa ka a horo na wasu watanni, kar ka ce ai na tuba me kuma ake nema. Yafiya tana iya zuwa a rana ɗaya, amana kuwa a hankali take dawowa. Markus ya bar su Bulus a tsakiyar tafiya, Bulus ya ƙi sake tafiya da shi har suka rabu da Barnaba a kan maganar, sai can a 2 Timoti 4:11 muka ji Bulus yana cewa a zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi. Shekaru ne a tsakani.

Wani gargaɗi da ba zan tsallake ba. Ana amfani da irin wannan koyarwa a danne marasa ƙarfi. Mace ta zo da kumburarren ido a ce mata ki duba naki laifin, ki je ki durƙusa ki ba shi haƙuri. A'a. Ko abincin ya makara, ko ta mayar da magana, dukan laifin mai dukan ne shi kaɗai, kuma abin da take bukata a ranar shi ne wurin da za ta tsira da dattawan da za su tsawata masa, in abin ya kai na hukuma a kai. Haka yaron da aka ci zarafinsa ba shi da wani kaso da zai ɗauka.

To nasa laifin fa, yaushe za a taɓo shi? In shi da kansa ya buɗe ƙofar a zaman, ya ce ni fa me na yi maka, ka faɗa a taƙaice ba tare da zafi ba. In bai buɗe ba, ka bar shi ranar. Ka ba shi sati biyu ko uku, ka cika alkawarin biyan da ka yi, ka ci gaba da gaishe shi ko yana amsawa da ƙyar. Sau da yawa kafin lokacin shi ma ya zo da nasa, wani lokacin kuma kai ne za ka ga abin bai kai a sake tayar da shi ba. In har yanzu yana ci maka rai, sai ka bi Matta 18:15-17, ka same shi ku biyu a wata rana daban, in bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi su ma sannan maganar ta je gaban ikkilisiya.